Laushin Ƙashi a Jikin Wata Hawainiyar Gida: Daga Alamar Farko Zuwa Ƙwan Farko

Wannan bayani ne a kan wata hawainiya mace da wani mutum yake kiwo a ɗakinsa, tun daga ranar da ya karɓe ta har zuwa lokacin da ta yi ƙwanta na farko. An ƙidaya makonnin daga ranar zuwanta, nauyin da aka ambata kuwa daga littafin mai kiwon aka ɗauko shi, domin ya saba ɗora ta a kan ƙaramin ma'auni sau ɗaya a mako yana rubutawa.

## Asalinta da inda aka ajiye ta

Hawainiyar irin ta Yaman ce, wadda masana suke kira Chamaeleo calyptratus, kuma asalin mazauninta ƙasar Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya. Ana gane ta da dogon zankon ƙashin da yake bisa kanta. Tana cikin waɗanda aka fi kiwo a gidaje saboda juriyarta, sai dai tana da saurin girma ƙwarai, sannan macen takan yi ƙwai ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Saurin girma da yin ƙwai duka biyun suna cin sinadarin kalsiyam mai yawa, shi ya sa shekarar farko ta mace ita ce lokacin da jikinta ya fi buƙatarsa.

Ta zo tana da kimanin wata uku, nauyinta giram 18. An sa ta a keji mai bangon gilashi da rufin ragar waya, tsayinsa santimita 90, an jera mata rassa da shuka mai rai, aka ajiye kejin kusa da taga don ta riƙa samun hantsi. A kan rufin akwai ƙwan fitila biyu, ɗaya na ɗumi, ɗaya kuma ƙaramin ƙwai mai nannaɗe da yake ba da hasken UVB (wani ɓangare na hasken rana da idon mutum ba ya gani), wanda mai kiwon ya karɓa tare da kejin daga hannun wani da ya riga ya yi amfani da shi fiye da shekara guda. Da ya ga iskar ɗakin tana saurin busar da kejin, sai ya shimfiɗa falan gilashi a kan ragar, ya mayar da fitilun a bisansa, domin laima ta daɗe a ciki.

Abincinta gyare ne da tsutsar gari. Gyaren ana ciyar da su dusa da ɓawon dankali, kuma sau biyu a mako ana barbaɗa musu garin kalsiyam tsantsa, wanda babu bitamin D3 a cikinsa, kafin a miƙa mata.

## Mako na 1 zuwa na 10

Babu abin da ya nuna matsala. Tana cin gyare goma zuwa goma sha biyu a rana, ta yi saɓa sau uku, nauyinta ya tashi daga giram 18 zuwa 52. Takan hau reshen da ya fi kusa da fitila tun da safe ta daɗe a can, wani lokaci ma ta maƙale a jikin ragar rufin, abin da mai kiwon ya ɗauka son ɗumi ne kawai.

## Mako na 11 zuwa na 13: alamun farko

Harshe ne ya fara nunawa. Lafiyayyar hawainiya takan harba harshenta ya kai tsawon jikinta ko fiye, ta ɗauke ƙwaro tun daga nesa. Wannan kuwa sai ta fara matsowa dab da ƙoƙon abinci kafin ta harba, ta harba ya gaza, ta sake ya kauce, a ƙarshe ta miƙa baki ta kama gyaren kamar yadda ƙadangare yake yi. Bayan 'yan kwanaki aka ga ƙafarta ta baya tana lalube a iska, ta rasa reshe, ta damƙe ƙafarta ta gaba ta riƙe gam, ta tsaya a haka ba ta iya motsi sai an ɓanɓare yatsun a hankali. Sau biyu aka wayi gari aka same ta a ƙasan keji.

Akwai rawar jiki ma, amma ba a lura da ita da wuri ba. Kowa ya san tafiyar hawainiya, ta ɗaga ƙafa ta yi gaba ta yi baya kafin ta ajiye, don haka idan ƙafar ta fara karkarwa da gaske ido yakan wuce ta a matsayin ɗabi'a. Bambancin shi ne rangajin lafiya yana tsayawa idan ta kama reshe, karkarwar ciwo kuwa tana nan a yatsu ko da tana zaune.

## Mako na 14 zuwa na 16: ƙarin garin kalsiyam

Mai kiwon ya gane cewa alamun na ƙarancin kalsiyam ne, sai ya mayar da barbaɗen kullum, yana zuba garin har gyaren su yi fari fat. Hawainiyar ta fara ƙin wasu daga cikinsu, waɗanda suka daɗe a ƙoƙo kuma suka kakkaɓe garin da ƙafafunsu kafin ta ci. Cikin makonni ukun nan nauyinta ya tsaya a giram 58, karkarwa ta ƙaru, kuma zankonta ya fara karkata gefe guda. Da ya taɓa muƙamuƙinta na ƙasa da yatsa, sai ya ji yana lanƙwasawa kamar guringuntsi.

## Mako na 17 zuwa na 20: bitamin D3 ta baki

Bayan ya karanta cewa kalsiyam ba ya shiga jini sai da bitamin D3, ya sayi garin kalsiyam mai D3 mai ƙarfi yana barbaɗawa kullum, ya haɗa da garin bitamin iri-iri sau uku a mako, wanda shi ma akwai D3 a ciki. Kwana goma da farawa karkarwa ta ragu, ta fara riƙe reshe da ƙarfi fiye da da, shi kuma ya ci gaba da yadda yake yi.

A mako na 19 wani kumburi mai laushi ya fito mata daga ƙarƙashin haɓa zuwa ƙirji, kamar an cusa ruwa a ƙarƙashin fata. Cin abinci ya ragu zuwa gyare uku a rana, farin ɓangaren kashinta ya koma ruwan lemo, ta fara rufe idon hagu da rana tsaka. Nauyinta ya sauka zuwa giram 51. A ƙarshen mako na 20 ta faɗo daga reshe na sama, ƙafarta ta dama ta gaba ta kumbura tsakanin gwiwa da yatsu, ta daina taka ta.

## Mako na 21: wurin likita

Likitan dabbobin da aka kai ta wurinsa ya saba duba dabbobi masu jan ciki, kuma kafin ya taɓa ta ya nemi a kawo masa hoton kejin da kwalaben garin duka. Hoton ƙashi ya nuna karaya a ƙafar dama, ya kuma nuna ƙasusuwan gaba ɗaya sun yi dishi-dishi, bangonsu ya sirance har da ƙyar ake bambanta su da nama. An ɗibi jini kaɗan daga jijiyar wutsiya. Kalsiyam na jini bai yi ƙasa sosai ba, fosforas ya hau, sinadarin yurik ma ya ɗan hau, wanda yake nuna ƙarancin ruwa a jiki da nauyi a kan ƙoda.

Mai kiwon ya yi mamakin yadda jini zai nuna kalsiyam alhali ƙashi ya ƙare, sai likitan ya yi masa bayani. Zuciya da jijiyoyi da tsoka ba sa aiki sai da kalsiyam a jini, saboda haka idan hanji bai kawo shi ba, wasu ƙananan ƙullutai da suke wuya sukan saki wani sinadari da yake narko shi daga ƙashi ya zuba a jini. Ƙashi shi ne rumbu, jiki yana ɗiba daga ciki a hankali har sai bango ya rage. Wannan shi ne ciwon laushin ƙashi, kuma yana cikin cututtukan da aka fi gani a jikin hawainiyar gida.

Washegari aka auna hasken kejin da na'urar awon UV. A kan reshen da take kwanciya, ƙarƙashin falan gilashin, na'urar ta nuna sifili. Da aka ɗauke gilashin ta nuna 0.3, domin ƙwan ya riga ya tsufa ko da yake yana haskawa fes ga idon mutum. A gefen taga ma sifili aka samu duk da rana tana dukan wurin, saboda gilashin taga na yau da kullum yana barin haske da zafi su wuce amma yana tare UVB. Fatar hawainiya tana buƙatar wannan haske, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 da 315, domin ta sarrafa wani sinadari da yake cikinta ya zama bitamin D3 tare da taimakon ɗumi, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, sannan hanji ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci.

Abincin ma an duba shi. Ƙwari ba su da ƙashi, don haka kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, fosforas ɗinsu kuwa da yawa. Awon da Mark Finke ya wallafa a 2002 ya nuna cewa a jikin gyaren kiwo fosforas ya ninka kalsiyam kusan sau bakwai, a tsutsar gari kuma fiye da sau goma, alhali abin da ake so a abincin dabba irin wannan shi ne kalsiyam ya kai kusan ninki biyu na fosforas. Dusar da ake ba gyaren ita ma fosforas ce ta fi yawa a cikinta.

## Mako na 21 zuwa na 25: jinya

An dakatar da duk wani gari mai D3 da garin bitamin iri-iri har tsawon mako huɗu. A madadinsu likitan ya rubuta kalsiyam na ruwa, wanda ya ƙididdige gwargwadon nauyinta, ana ɗiga mata da sirinji marar allura a gefen baki sau biyu a rana. Ya gargaɗi mai kiwon kada ya ɓare mata baki da ƙarfi, domin muƙamuƙi mai laushi yana iya karyewa a hannu, sai dai ya ɗiga ruwa a kan hancinta, idan ta fara lasa ya zura bakin sirinjin. Ƙafar da ta karye an ɗaure ta da ɗan tallafi marar nauyi.

An fitar da ita daga dogon kejin aka sa ta a gajere, rassansa ba su wuce santimita 15 daga ƙasa ba, aka shimfiɗa tawul a ƙasan. An yar da tsohon ƙwan da falan gilashin, aka sa doguwar fitilar UVB irin T5 a kan ragar kai tsaye, aka yi ta ɗaga ta ana saukewa ana awo har reshen kwanciyarta ya nuna 3 a ma'aunin UV, aka kuma bar wani gefe mai ganye inda awon yake kusa da sifili don ta samu mafaka. Fitilar tana kunne awa goma sha biyu, dare kuma duhu ne sosai. Zafin wurin shan ɗumi an tsayar da shi a kusan digiri 29 na ma'aunin Salshiyas. Maganar laima da ta jawo shimfiɗa gilashi tun farko an warware ta da fesa ruwa safe da yamma da kuma ɗan gwangwani mai ɗigo a kan ganye, domin hawainiya ba kasafai take shan ruwan da yake kwance a kwano ba.

An daina ba ta tsutsar gari. Gyaren aka koma ciyar da su ganye mai yawan kalsiyam da karas da kabewa na kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ba ta su, tunda abin da yake cikin hanjin ƙwaro yana ƙara masa amfani. An guji alayyafo saboda sinadarin oksalet da yake ɗaure kalsiyam ya hana shi shiga jiki. An ƙara mata tsutsar baƙin ƙudan soja, wadda tana cikin ƙwari ƙalilan da kalsiyam ɗinsu ya fi fosforas. Barbaɗen garin kalsiyam tsantsa ya ci gaba a kowane ci, amma sama-sama, yadda launin gyaren zai riƙa bayyana.

Kwana uku na farko ta wuni a ƙarƙashin sabuwar fitilar, ta baje jikinta ta karkata gefe tana fuskantar hasken, ta yi duhun launi. Daga mako na biyu na jinyar sai ta fara yin awa biyu ko uku ta koma inuwa da kanta. Kumburin haɓa ya fara sacewa a mako na 23, ya ɓace a na 25, kashinta ya dawo da farinsa, nauyinta ya koma giram 57.

## Mako na 26 zuwa na 33: maganar ido

Komai yana gyaruwa ban da idon hagu, wanda take rufewa tana goga shi a jikin reshe. Likitan ya wanke shi bai samu ƙasa ko ragowar saɓa ba. Da ya sake karanta takardar kwalbar bitamin iri-iri, sai ya ga bitamin A da yake ciki irin na tsirrai ne, wato beta-karotin, wanda dole jiki ya sarrafa shi kafin ya yi amfani, kuma ba a dogara da hawainiya ta iya wannan sarrafawa yadda ya isa. An canza zuwa garin da yake ɗauke da retinol, wato bitamin A da ya riga ya zama, tare da D3 kaɗan, ana ba ta sau biyu a wata kawai. Bayan ci na biyu idon ya buɗe ya zauna a buɗe.

Hoton ƙashi na mako na 29 ya nuna karayar ta haɗe kuma bangon ƙasusuwa ya fara fitowa sarai, sai aka rage kalsiyam na ruwa zuwa sau ɗaya a rana, aka tsayar da shi a mako na 33. Harshenta ya dawo da kusan duk nisansa. An sa ta a wani babban keji mai bangon raga, nauyinta giram 79.

## Mako na 34 zuwa na 44: ƙwai

Da yake mace mai yawan ci da yawan zafi takan ɗauki ƙwai masu yawa, har ta kai hamsin ko fiye, an rage abincinta zuwa ci ɗaya bayan kwana biyu, aka ɗan sassauta ɗumin. An ajiye mata bokiti mai yashi da ƙasa masu danshi, zurfinsu kusan santimita 25. A mako na 42 ta fara saukowa tana zagaye ƙasan keji, ta daina ci, sannan ta haƙa rami ta shige, mai kiwon kuma ya lulluɓe gefen kejin da zane don kada ta gan shi ta bar ramin. Ta zuba ƙwai 28 marasa ɗa, farare masu cikakken ɓawo, ta binne su ta hau reshe da ƙafarta. Nauyinta ya sauka daga giram 104 zuwa 76, bayan mako biyu ya kai 85, kuma karkarwa ba ta dawo ba. Zankonta yana nan a karkace, ƙafar dama tana da ɗan lanƙwasa, haɓarta ta ƙasa ta ɗan gajarta, kuma waɗannan ba za su miƙe ba.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Yunƙurin farko ya gaza ne saboda ba kalsiyam ne ya yi ƙaranci a bakinta ba, hanyar shigarsa jini ce a toshe. Wata uku ta yi ba ta samu UVB ko kaɗan ba, garin da ake ba ta kuma babu D3, don haka yawancin abin da aka barbaɗa ya bi kashi ya fita. Maƙalewar da take yi a jikin raga tun makonnin farko, a ganina, neman wannan haske ne. Binciken da Gary Ferguson da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 a kan hawainiyar Madagaska mai suna Furcifer pardalis ya nuna cewa waɗanda abincinsu yake da ƙarancin D3 sun fi daɗewa a cikin hasken UV, wato dabbar tana daidaita wa kanta idan an ba ta zaɓi, kamar yadda wannan ta yi da sabuwar fitila.

Yunƙuri na biyu shi ya fi haɗari, domin ya kawo sauƙi na gaske a farkonsa. D3 da fata take ƙerawa yana da birki, idan ya isa hasken da kansa yakan juya ragowar zuwa wasu sinadarai marasa aiki. Wanda aka haɗiya kuwa babu birki, yana taruwa a kitse da hanta, idan ya yi yawa kalsiyam yakan daskare a ƙoda da jijiyoyin jini. Kumburin haɓar yana iya fitowa daga dalilai fiye da ɗaya, amma zuwansa mako biyu bayan fara garin da tafiyarsa bayan dakatar da shi sun isa a ɗora alhakin a kan yawan garin. An yi sa'a ba a wuce wata guda ana yi ba.

Bai kamata kuma a ɗauka fitila kaɗai ta warkar da ita ba. A wani gwaji da aka yi a Suwizalan aka wallafa a 2010, an raba 'ya'yan hawainiyar Yaman 56 gida shida aka rene su wata shida, kuma waɗanda aka ba UVB ba tare da ƙarin sinadarai a abinci ba su ma ciwon ya kama su, yayin da haɗin kalsiyam da bitamin A da UVB ya fi kare su. Abin da ya yi aiki a nan shi ne haɗuwar abubuwa huɗu a lokaci guda, wato hasken da aka auna a daidai inda take kwanciya, kalsiyam tsantsa kaɗan-kaɗan a kowane ci, ƙwarin da aka ciyar da kyau, da bitamin mai retinol sau biyu a wata. Wannan tsarin na irin Yaman ne. Hawainiyoyin tsaunuka, kamar mai ƙaho uku ta Kenya da Tanzaniya, sun fi saurin kumburi, don haka ana rage musu garin bitamin fiye da haka.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne makonni goma da suka shige tsakanin gazawar harshe da zuwa wurin likita. Mai kiwon bai yi sakaci ba, yana auna ta, yana rubutawa, yana karatu, kuma littafinsa ne ya ba likitan damar gane abin da ya faru cikin zama ɗaya. Amma a mako na 11 zankonta a miƙe yake, ƙafarta ba ta karye ba, kuma da an ɗora na'urar awo a kan reshen a lokacin, da minti ɗaya ya isa a ga sifilin. Yanzu yana rubuta ranar da aka sa fitila a jikin fitilar da alƙalami, yana auna hasken a farkon kowane wata, kuma zai canza ta idan ta cika shekara ko awon ya faɗi ƙasa da yadda aka saita, duk wanda ya riga zuwa.